Rijiyar da Ta Ɓulla Bayan Ƙasa

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya bar ɗan Adam a tsakani yana zaton ya san wacce ce wacce. Ni ne Arzika ɗan Bawa mai haƙar rijiya, mutumin Kwarin Aduwa, ƙauyen da ba za ku same shi a hanyar kowace kasuwa da kuka sani ba. Na yi tafiya inda jaki ba ya zuwa, na kwana inda ba a kwanciya, na ga bayan ƙasar nan da kuke takawa. Ban tafi neman dukiya ba, ban kuma dawo da ita ba. Yayana na tafi nema. Wanda zai gaskata ya zauna, wanda ba zai gaskata ba shi ma ya zauna, inuwar ba tawa ba ce.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana Nomau, ya kuma raba mana sana'ar tun muna ƙanana. Nomau ke shiga rami, ni ke riƙon igiya. Ƙa'ida biyu tsohon ya kafa mana. Ta farko, ƙullin igiyar mai haƙa a gadon bayansa ake yin sa, inda hannunsa ba zai kai ba, domin iskar rami takan juya wa mutum hankali har ya kwance kansa. Mai igiya ne kaɗai ke yanke lokacin fitowa. Ta biyu, mai igiya ba ya ɗauke kansa daga bakin rijiya muddin akwai mutum a ciki, don duk sa'ad da na ƙasa ya ɗaga ido ya ga kai a cikin hasken. Shi ya sa na fi sanin tsakiyar kan Nomau da fuskarsa. Shi kuma yakan tsokane ni ya ce in ya gan ni a tsaye a kasuwa sai ya yi tunani kafin ya gane ni, ya fi sabawa da ƙasan haɓata da ramukan hancina.

Lokaci lokaci nakan leƙa in ce, "Yaya, da rai?" Shi kuma ya amsa, "Da rai, sai ƙishirwa." Haka muke yi tun ina yaro ina riƙe igiya da hannu biyu.

Wata shekara rani ya yi tsanani, aka sa mu haƙa a gindin wani gawo da ke bayan gari. Muka wuce jar ƙasa, muka wuce marmara, muka wuce inda kowace rijiya tamu ta taɓa tsayawa, ko danshi babu. Nomau kuwa akwai taurin kai, ya ce ba ramin da zai kunyata ɗan Bawa. Ran nan da hantsi ina leƙe, ya ɗaga dagi ya soka, sai kawai ƙasan ramin ya burma da shi. Igiya ta zare ta cikin hannuna ta kwashe mini fatar tafi, ta kai ƙarshe, ta tsinke. Ina kallon fuskarsa a ɗage tana ƙanƙancewa har duhu ya haɗiye ta. Na kasa kunne in ji faɗuwarsa, ban ji ba. Na jefa dutse, shi ma ban ji ya sauka ba.

Mutanen gari suka yi ta'aziyya, suka kawo itace za su rufe ramin. Inna ta zauna a bakinsa ta ce wanda ba a ji faɗuwarsa ba bai gama faɗuwa ba, ba kuma za a rufe mata ɗa yana kan hanya ba. Aka ce baƙin ciki ne, zai wuce. Bai wuce ba, har ni ya kama. Na bar haƙa, don mai igiya ba shi da sana'a in babu na ƙasa, na zauna ina tufka. Na tufke ramar gonarmu, na roƙi ta maƙwabta, damina ta zo ta wuce, wasu suka biyo ta. Ba uwar da ta yarda 'yarta ta auri mutumin da ke tufka igiyar da ba ta da ƙarshe, ni ma ban ga laifinsu ba. Da tulin igiyar ya fi ɗakinmu tsawo, na ɗaura bakinta a jikin gawon, na zura sauran a rami.

Inna ta riƙe mini hannu ta ce, "Ka kawo mini shi. In ka kasa, ka kawo mini labarinsa na gaskiya, ban da irin wanda ake yi wa tsofaffi don su yi barci." Sa'an nan ta yi rub da ciki a bakin ramin ta sa kanta a cikin hasken, yadda ta ga ina yi.

Na yi ta sauka har hasken sama ya koma kamar ƙwayar gero. Sannu a hankali na ji nauyina yana raguwa, hannuna ya daina ciwo, igiyar da ke miƙe ta fara lanƙwashewa tana yawo a gefena. Na sake ta don in gwada, ban faɗi ba. Na tsinci kaina a cikin wani kogo mai faɗi, duwatsunsa suna ƙyalli, ruwa yana shawagi a dunƙule kamar ƙwai. Babu sama, babu ƙasa, babu gabas. Da na so in yi salla na rasa inda zan kai goshina, na yi niyya na yi ishara, ina kuka kamar yaron da aka manta a kasuwa.

"Wanda kake yi wa ya san inda ka nufa," in ji wata murya. Na waiwaya, sai ga wata tsohuwa a naɗe cikin zane tana juyawa a hankali, ƙafafunta wajen kaina. Ta ce sunanta Gwamma, wurin kuma Cibiya ake ce masa, tsakiyar ƙasa ke nan.

Ita ta buɗe mini ido. Ta ce ƙasa kamar waina take, gefe biyu gare ta, kowane gefe da masu taka shi, kowa kuma yana rantsuwa shi ne a sama. Gefen da ke bayan namu sunansa Kifau. Ta ce ta ga yayana, ya wuce ta kamar dutsen majajjawa, ƙarfin faɗuwar ya haura da shi har ya fasa ƙasar Kifau ya ɓulla can, mutanen wurin kuma suka rufe ramin da gungume. Na yi hamdala, na ce to ai sai in je in ɗauko shi. Ta dube ni yadda ake duban wanda ya ce zai ɗebo ruwa a kwando.

Ta ce hankalin mutum kamar ruwan gasara yake a ƙwarya, duk gefen da ya zama ƙasa nan yake kwantawa. In aka kife mutum, abin da ya kwanta a cikinsa tun yarinta sai ya tashi ya watse, wani sabo ya fara kwanciya a ɗaya gefen. Hannu ba ya manta aikinsa, harshe ba ya manta magana, amma suna da uwa da gida duk sai su tafi. Na ce ita fa, ya aka yi ta san duka biyun? Ta ce a gefenmu aka haife ta, ta yi aure ta haihu, ƙasa ta tsage da ita ta faɗa Kifau, can ma ta yi aure ta haihu. Wata rana ta biyo wani kogo ta iso nan, sai duk 'ya'yanta suka dawo mata a lokaci guda, na can da na nan.

"In na hau gida na zubar da waɗannan, in na koma Kifau na zubar da waɗancan," ta ce. "A nan kaɗai nake uwarsu duka. Ba ko ɗaya a kusa da ni, amma ba wanda na manta."

Ban taɓa ganin mutum shi kaɗai irin kaɗaicin matar nan ba, na kuma ji tsoronta fiye da yadda na ji tsoron ramin. Ta nuna mini wata tsaga da ke bi ta gicciye zuwa bakin wainar, inda zan zagaya in shiga Kifau. Ta gargaɗe ni, duk inda na je in riƙa juya jikina safe da yamma, kaina ya kalli saman garinmu, kada in bar gasarar ta kwanta a wani gefe.

Tsagar ta fitar da ni a ƙasar Gefe, wata siririyar ƙasa da ta kewaye duniya kamar ɗamara. Rana takan wuce su a gicciye, kamar mai saurin zuwa wani wuri. Na lissafa a raina, na ga a nan tsayuwar garinmu kwanciya ce, sai na sami gindin bishiya na miƙe, kaina wajen gida. Ashe babu laifin da ya kai kwanciya muni a wurin mutanen Gefe. Sun daɗe da gane cewa wanda ya kwanta yakan tashi wani mutum dabam, don haka a tsaye suke barci, kowa a ɗaure a turkensa, har jarirai a miƙe ake rataye su. Mata suka gan ni suka sa salati, maza suka yi mini ca, aka kai ni gaban Sarkin Turke.

Mutumin kirki ne, ko tsawa bai yi mini ba. Ya ce ba duka ba zagi, za a ɗaure ni a turke in tsaya daidai har wanda ya yi laifin ya fita daga jikina. Kowace safiya zai zo ya tambaye ni ko ni wane ne. Ran da na ce ban sani ba, ran nan za a kwance ni, a ba ni suna da ɗaki.

Suka ɗaure ni daga ƙirji har idon sawu, amma suka bar wuya. Na kwantar da kaina a kafaɗa, ta wajen gida, na ce wuyana ne ya ƙage tun a rami. Suka yi mini sannu, har da shafa mini man shanu. A nan na koyi abin da ko Gwamma ba ta sani ba. Kaina da ke kallon gida ya riƙe kome: sunana, sunan Nomau, gawon, fuskar Inna. Ƙirjina kuwa da ke tsaye irin tsayuwar Gefe ya saki. Na san ina da yaya, na san ya faɗa rami, amma abin bai dame ni ba ko kaɗan, kamar labarin akuyar wani gari. Ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Na ci na ƙoshi, na yi barci, na yi dariya da masu gadina.

Da Sarkin Turke ya zo wata safiya ya tambaya, na yi masa ƙarya na ce ban sani ba. Aka yi guɗa, aka kwance ni, aka raɗa mini suna Miƙau, ga wuya a karkace. Suka ba ni fura mai sanyi da ɗaki mai kyakkyawan turke, kuma wallahi na so zama. Kaina ne kawai ya nace, yana ce mini akwai abin da ka zo yi. Na ce musu zan zaga, na yi ta tafiya har gari ya ɓace, na sami wani kwari na kwanta, ba don ina so ba, yadda ake shan magani mai ɗaci. Kafin inuwa ta matsa, baƙin cikina ya dawo gaba ɗayansa ya zauna mini a ƙirji. Na yi kuka har na gode Allah, na tashi na kama hanya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a Kifau shi ne babu abin tsoro a cikinta. Ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, sama a bisa kai, kaji suna tono, mata suna daka. Ba abin da zai gaya maka a kife kake. Kukarsu ce kaɗai ta yi mini kama da wadda aka dasa daidai. Safe da yamma nakan nemi reshe in rataye da ƙafa kamar jemage, jini ya taru mini a fuska, in riƙa kiran sunayen mutanenmu. Duk garin da na shiga kafin in fita an san ni da mahaukacin bishiya. Ba wanda ke zama kusa da ni wajen cin abinci.

Rijiyoyi na riƙa bi. In na iso gari, kafin in gai da kowa sai in leƙa rijiyarsu. Nomau bahago ne, matakan da yake sassaƙawa a bangon rami kullum daga hagu suke farawa, suna ɗan karkata. Na leƙa rijiyoyi ba iyaka, har ran da na leƙa wata sabuwa na ga matakan nan. Aka ce ai aikin Tsirau ne, mutumin da ya tsiro daga ƙasa a gonar surukinsa, aka nuna mini gidansa.

Na same shi a ƙofar gida yana wasa dagi. Ya yi ƙiba, ya tara gemu. Na durƙusa na ce, "Yaya Nomau, ni ne." Ya dube ni da fara'a, irin wadda ake yi wa kowa, ya ce, "Bawan Allah, ka yi makuwa. Amma shigo ka sha ruwa." Na nuna masa tabon tafina, na ba shi labarin gawo da na Inna, ya saurara har ƙarshe ya ce labari ne mai ban tausayi, Allah ya haɗa ni da ɗan'uwana. Na roƙe shi ya rataye a reshe ko na ɗan lokaci, ya yi dariya har da tari, ya ce shi magidanci ne.

Matarsa Yalwa ba ta yi dariya ba. Ita ta fara ganinsa ran da ya ɓulla, ita ta yi jinyarsa lokacin da yake sambatu da sunayen da ba ta sani ba, har ya daina. Ta ji nawa a cikinsu. Suna da 'ya mai suna Delu, tana tafiya tana faɗuwa, da ta yi mini murmushi na ga wushiryar Inna a bakinta. Na juya baya na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Na nemi aikin riƙon igiya, ya ɗauke ni, ya ce bai taɓa samun mai igiya kamata ba, kamar na san abin da yake so kafin ya faɗa. Na yi masa ƙulli a gadon baya, na sa kaina a bakin rami. In na ce, "Yaya, da rai?" sai ya ce, "Lafiya lau, baƙo." Kullum ina tare da shi, ban kuma taɓa yin nisa da shi kamar lokacin ba. Sau da yawa na tsaya a gindin bishiya da yamma ina ce wa kaina in bar ratayar nan mana, in manta, mu zama abokai biyu masu jin daɗi. Sai in tuna kan Inna a cikin hasken, in kama reshe.

Da rani ya kama, ruwa ya ja baya, na ce masa ramin da ya tsiro daga ciki akwai ruwa a can ƙasa, na gan shi da idona. Ban yi ƙarya ba. Abin da ban faɗa ba shi ne sai an wuce Cibiya kaɗan, a juya jiki a fara hawa ta wajenmu, kafin a kai ga jijiyar ruwan. Ya yarda. Muka ɗage gungumen, muka tara igiyar gari duka muka haɗa. Yalwa ta tare ni a bayan rumbu ta ce ta san abin da na zo ɗauka.

Na zura shi tun da sassafe. Na yi rub da ciki, kaina da ƙirjina suka rataya a cikin ramin, na kuma lura wannan ita ce tsayuwar garinmu. Igiya ta yi ta tafiya, ta saki, sa'an nan ta ci gaba da ja a hankali. Ya wuce Cibiya, yana hawa. Na ji sautin dagi daga nesa, na jira har rana ta take tsaka, sa'an nan na kira.

"Yaya, da rai?"

Can sai murya ta taso, ƙarama, tana rawa.

"Da rai, sai ƙishirwa. Arzika, me kake yi a ƙarƙashina?"

Ya yi ta jero tambayoyi, ya Inna, tana cin abinci, ƙafarta ta warke? Ya ce yana ganin wani ɗan haske a bisa kansa, ya san saman garinmu ne, ga kuma igiyata tana lilo a gabansa, ya gane tufkata. Abin da ke riƙe shi kawai igiyar bayansa ce, ta ƙare. Ya ce in sake ta in biyo shi mu tafi gida.

Na ji motsi a bayana. Yalwa ce ta kawo abinci, Delu a goye. Ban ɗauke kaina daga ramin ba, na ce, "Yaya, Yalwa fa?"

"Wace ce Yalwa?"

Ramin ya kawo maganar sarai, kamar a kunnenta aka faɗa. Na ji ta ajiye akushi a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta durƙusa ta kama jelar igiyar da ta rage a bayana, ba ta ja ba, riƙewa kawai ta yi.

Shekarun da na yi ina tufka don wannan lokacin na yi su, abin da ya rage kawai in buɗe hannu. Amma na ga ba daidai ba ne a tambayi rabin mutum. Na ce masa ya sauko baya kaɗan, ya tsaya a kogon tsohuwar, akwai abin da nake so ya gani. Ya yi gunaguni, ya sauko. Can na ji kukansa, kukan babban mutum, yana kiran Inna yana kiran Delu. Na bar shi ya yi.

Da ya lafa ya ce, "Arzika, ba zan iya ba. In ka bar ni da kaina, nan zan zauna tare da tsohuwar nan har in mutu. Ka san ƙa'idar Baba. Igiya a hannunka take."

Na so in zage shi, don wannan kayan ya fi ƙarfin ƙane. Na tuna Gwamma tana juyawa ita kaɗai, na ce ba zan bar shi haka ba. Na tuna Inna, na ce tana da ni. Delu ta yi wani ɗan sauti a bayan uwarta, ita ba ta da wani a madadinsa. Na naɗe igiyar a hannu na ce masa zan ja.

Ya ce, "Na sani. Ka ce wa Inna na tambaye ta. Kuma ka yi ta kirana, kada ka daina har sai na daina amsawa."

Na fara ja, Yalwa tana tattarawa a bayana. Ina ja ina kira, yana amsawa, da rai, sai ƙishirwa. Nauyinsa yana ƙaruwa, muryarsa tana matsowa. Can sai amsar ta fara jinkiri. Sa'an nan ya ce da rai kawai, ya bar sauran. Na ƙara kira, sai na ji ya ce, "Lafiya lau, baƙo. Ja a hankali, bango yana gugar mini kafaɗa." Ya fito yana share fuska, yana mamakin abin da ya jiƙa masa gemu, ya ɗauki 'yarsa, ya ce ruwan ya yi nisa da yawa, ba zai jawu ba. Ya yi mini sannu da aiki.

Na ce zan koma garinmu ta ramin. Ya yi ƙoƙarin hana ni, da ya ga na dage ya ce to shi zai riƙe mini igiya, ko ba kome na yi masa hidima. Da safe Yalwa ta ɗaure mini guzuri, ta kira ni da sunana karo na farko, ta ce wa Delu ta gai da Baffanta. Shi ya yi mini ƙulli a gadon baya. Na ce masa a garinmu mai igiya ba ya ɗauke kai daga bakin rami muddin akwai mutum a ciki. Ya ce ƙa'ida ce mai kyau, ya durƙusa ya sunkuyar da kansa ciki.

Ban taɓa zama na ƙasa shi yana sama ba sai ran nan. Na ɗaga ido na ga abin da ya yi shekaru yana gani, kai ɗaya a cikin haske, ƙasan haɓa da ramukan hanci. Na yi ta kallo yana ƙanƙancewa. Nauyina ya fara raguwa, duwatsun Cibiya sun fara ƙyalli a ƙarƙashina, sai murya ta biyo ni.

"Arzika, da rai?"

Na san yadda abin yake, na koya a turken Gefe. Kansa ne kaɗai ya daɗe a sunkuye, sunana ya faɗo masa, ƙirjinsa yana can a waje inda na bar shi, wajen Yalwa da Delu. Da ya miƙe zai manta ya kira. Duk da haka na amsa da iya ƙarfina, na ce da rai, Yaya. Ni ma na bar sauran.

Gwamma ta kwance mini ƙullin, ba ta tambaye ni kome ba. Na kama igiyata na hau. Na tarar da Inna a gindin gawon, ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta shafa bayana ta ji ba kowa, ta ce in faɗi. Na faɗa mata duka, har inda na ja. Sai ta tambaye ni ko da gaske yarinyar tana da wushirya. Na ce irin taki sak. Ta sa hannu ta taɓa haƙoranta.

Nan hikayata ta tsaya, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ya fi shi yawa. Inna ta rasu, gawon ya bushe, ramin kuwa ban yarda an rufe shi ba. In kun bi ta bayan gari da hantsi kuka ga tsoho a kwance kansa a cikin rami, kada ku ja shi, ba faɗawa zai yi ba. Kira yake yi, yana jira ko wani a can ya sunkuya.